Harsashin da ake cusa wa ƙusoshi, gwajin nan gaskiya ne?

Ɗan_Dawa: Salam 'yan uwa, don Allah masana bindiga ku warware min wani abu. Ina yawan cin karo da bidiyo a YouTube ana farke harsashin shotgan a zubar da ƙwayoyin dalmar ciki a cusa ƙusoshi ko fasasshen gilashi a harbi katako wai gwaji ake, kuma wani abokina ya dage shi lallai ƙusa ta fi dalma ɓarna. Da gaske ne ko burga ce kawai?

Baba Maigemu: Wa alaikassalam ɗana. Abokinka bai gane ba. Dalma nauyinta ya kai giram 11.3 a kowane santimita kubik, ƙarfe kuwa wajen 7.8 ne, gilashi ko kusa bai kai ba, to abu mara nauyi iska ke cinye gudunsa tun bai je ko'ina ba. Ga kuma siffa, ƙwayar dalma zagayayyiya ce shi ya sa take tafiya sak, ita ƙusa tana fita baki sai ta hau juyi, wata ta bugi allo a kwance wata ta bi gefe ba ka ma san inda ta faɗa ba. Ka lura da bidiyoyin nan, yawanci daf da katakon suke tsayawa. Gwaji na gaskiya takarda ake kafawa a yadi 40, a harba, a zana da'ira mai faɗin inci 30 inda ramukan suka fi taruwa, a zauna a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Bindiga mai matsattsen baki da harsashin kamfani takan zuba wajen kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin a cikin da'irar, kuma ba harbi ɗaya ake yi a yanke hukunci ba.

Injiniya_M: Ni abin da ke tayar min da hankali ma ba wannan ba ne yallaɓai, matsin da ke cikin bututun ne. Geji 12 (wato girman bututun shotgan) na yau da kullum iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka, ta sa shi ne psi 11,500 (psi ma'aunin matsi ne), kamfani ya auna albarushin daidai da nauyin abin da zai tura, kana canja nauyin lissafi ya rushe kuma ba yadda za ka yi ka gane da ido ko da bugun kafaɗa, sai da na'urar awon matsi. In wani abu ya maƙale a bututu kuma ka sake harbi a kai, bututun kumbura yake ko ya tsage, kuma hannunka na hagu a nan yake riƙe wallahi. Ko ƙwayar ƙarfe ta kamfani, wadda ta yaɗu bayan Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma a 1991, sai da aka yi mata kofin roba mai kauri don kar ta karce bututu, balle ƙusa tsirara.

Ɗan_Dawa: Na gode ƙwarai Baba, Injiniya Allah ya ƙara sani. Zan tura masa wannan yanzu. Amma Baba gwajin takardar nan harbi nawa ya kamata a yi kafin a yarda da sakamakon?

Baba Maigemu: Aƙalla biyar da harsashi iri ɗaya, kowanne da sabuwar takarda, sai ka haɗa ka raba. Kuma ka tabbata tudun ƙasa ne a bayan takardar.