Muna shirin sayar da gidanmu mu koma zaman tarayya da 'yan'uwa: wa ya taɓa yi?

Maman Tagwaye:
Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Jos, maigidana kuma malamin sakandare ne. Mu iyali huɗu ne da muke addu'a tare tun kafin a haifi yawancin yaranmu, kuma mun daɗe muna marmarin irin zaman da Ayyukan Manzanni sura 2 da 4 suka bayyana, inda masu bi suke tarayya a abinci da dukiya har ba a samun mabukaci a cikinsu. Yanzu an yi mana tayin gona mai hekta 6 a bayan gari kan naira miliyan 9, kuma kasonmu ba zai fito ba sai mun sayar da gidan da muke ciki. Tambayoyina biyu ne: mu sayar da gidan ko mu sa haya mu jira, kuma da sunan wa ya kamata a rubuta takardar gonar? Ina roƙon waɗanda suka taɓa irin wannan zama su amsa mini.

Ɗan Mawaƙa:
Mama, Ubangiji ne ya sa miki wannan marmari. Ki bincika labarin Taizé, wurin zaman tarayya a Faransa, wanda Ɗan'uwa Roger ya kafa a 1940, inda Katolika da Furotesta suke addu'a sau uku a rana, kuma ba sa karɓar kyauta domin kansu, da aikin hannunsu suke ci.

Malama Mai Ritaya:
Ɗana, 'yan'uwan Taizé maza ne da suka yi alkawarin ba za su yi aure ba, ita kuwa tana da miji da yara. Idan misali ake nema na masu iyali, Bruderhof ya fi kusa, waɗanda suka fara a Jamus a 1920. Amma su ba sa karɓar dukiyar mutum ranar da ya zo; sai ya zauna an gwada shi, shi ma ya gwada su, kafin ya yi alkawarin har abada. Kuma suna da masana'antun da suke ciyar da su, irin na kayan katako na makarantun yara.

Tsohon Ma'aikacin Jirgin Ƙasa:
'Yata, ki saurare ni, domin ni na yi wannan zama da jikina, ba a takarda na karanta ba. Da na bar aiki, na kwashe kuɗin sallamata duka na zuba a wata gonar tarayya da wani bawan Allah ya tara mu a kai, mutum mai tsoron Allah wanda har gobe ba zan ce ya cuce ni ba. Shekarun farko sun yi daɗi ƙwarai: muna tashi sujada da asuba, muna ci a tukunya ɗaya, kuma lokacin da matata ta kwanta ciwo ban taɓa neman mai jinya ba, matan wurin ne suka riƙe ta har ta tashi. Da yake mun amince da juna, sai muka bar takardar fili da sunansa, muna ganin neman sa hannu tsakanin 'yan'uwa rashin bangaskiya ne. Sai Allah ya yi masa rasuwa ba zato. Bayan makoki 'ya'yansa da suke birni suka zo da lauya, suka ce gonar mahaifinsu ce, kuma a gaban doka gaskiyarsu ce, tun da ba mu da ko rasit. Ɗakunan da muka gina da hannunmu, da rijiyar da muka haƙa, da mangwaron da muka dasa, duk suka shiga gado. Na fito ina da furfura na koma gidan haya, matata kuma ba ta sake sakin jiki da kowace ƙungiyar ikilisiya ba har ta rasu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, waɗanda muka yi shekaru muna cin Jibin Ubangiji tare, yau ba ma gaisawa.

Maman Tagwaye:
Baba, Allah ya ta'azantar da kai. Wannan shi ne ainihin abin da nake tsoro.

Manomin Saminaka:
Hekta 6 kan miliyan 9 kusa da Jos ya yi araha da yawa, ku bincika ko filin gado ne da ake rigima a kai. Ku kuma ware miliyan 2 da rabi na rijiyar burtsatse, abin da na biya ke nan.

Injiniyan Ruwa:
Ɗan'uwa, wannan farashin na ƙasarku ne mai laushi. A Filato dutse ake fasawa, kuma in an haɗa da tanki da famfo mai aiki da hasken rana, aikin da na gama kwanan nan ya haura miliyan 6. Gonar kuwa a ganina tsada ta yi, idan babu hanyar mota da damina.

Ɗalibin Tauhidi:
Da girmamawa ga Baba, kuskuren takarda ne ya rushe su, ba tarayyar kanta ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba da dama ƙungiya ta yi rajista da amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sai a rubuta fili da sunan ƙungiyar, ya kasance mutuwar shugaba ba ta mai da shi gado. Sannan Bitrus ya gaya wa Hananiya a Ayyukan Manzanni sura 5 cewa gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma yana hannunsa bayan sayarwa, wato ba a tilasta wa kowa ya sayar da gidansa ba. A sura 6 kuma har gunaguni ya tashi kan rabon abincin gwauraye, sai da aka zaɓi mutum bakwai. Ko a Aiyetoro ta jihar Ondo, wadda masunta Kirista suka kafa a 1947 da asusu ɗaya har suka kai ga ƙera jiragen ruwa, bayan kimanin shekara 20 mallakar kai ta fara dawowa.

Tsohon Ma'aikacin Jirgin Ƙasa:
Yaro, ka yi aure tukuna, ka ga matarka tana roƙon kuɗin sabulu a wurin ma'ajin ƙungiya, sa'an nan ka zo ka koya mini sura 5.

Malama Mai Ritaya:
Baba, a yi haƙuri, ƙuruciyarsa ba ta ɓata gaskiyar da ya faɗa ba. Mu da muka tashi a gandu mun san cewa ko a gidan uba ɗaya ana bar wa kowane ɗa gayaunarsa, domin ya sami abin da zai kashe ba tare da ya nemi izini ba. Ni shawarata ke nan: ku sa gidan haya, kowane iyali ya riƙe wani abu nasa, ku rubuta tun yau abin da mai fita zai tafi da shi. Ku duba lafiyar wurin kuma, domin ƙauyen Kirista na Gimi, da aka tara Isawa, wato wasu Hausawa masu ɗaukaka Annabi Isa, a zamanin ɗan mishan Dokta Miller na Zariya, ciwon barci ne ya watsa shi, ba rashin ƙauna ba.

Ɗan Mawaƙa:
Ni dai a rubuta a tsarin mulkin ƙungiyar wanda zai wanke tukunyar tuwo ranar Lahadi, da hukuncin akuyar da ta ci masarar tarayya!

Uwar Zumunta:
Ana dariya, amma tukunyar nan a kan mata take ƙarewa. Kuma maganar takarda ba ta tsaya a gonar tarayya ba. A ikilisiyarmu mun yi shekaru muna tara kuɗin filin makaranta, zumuntar mata ce ta fi kowa bayarwa daga cinikin kunu da ƙosai, amma har yau ba a karanta mana lissafi a gaban jama'a ba, ba mu kuma ga takardar filin ba. Duk wadda ta tambaya sai a ce ba ta da biyayya.

Manomin Saminaka:
Mama, haka yake a wurinmu. Da dattijon da yake riƙe da takardun ya ƙaura, sai aka tarar filin majami'a da sunansa yake. Shin akwai wanda ikilisiyarsu take liƙa lissafin baiko a allo kowane wata? Ina so in kai wa majalisarmu misali.

Maman Tagwaye:
Na gode muku duka. Mai gonar ya ba mu zuwa ƙarshen wata, kuma iyali biyu sun riga sun kawo kasonsu. Har yanzu ina neman wanda ya yi rajistar amintattu da kansa ya gaya mini tsawon lokacin da take ɗauka.