Zan je Kuala Lumpur, ko akwai riba in biya kuɗi in hau tagwayen benen nan?

Bakabe01:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nike nema wurin waɗanda sunka taɓa zuwa Malesiya. Wurin aikinmu nan Birnin Kebbi an tura mu mu uku wani taro na kwana huɗu a Kuala Lumpur wata mai kamawa, kuma yadda na ga tsarin rana ɗaya tal ce za ta zama tamu, ranar Litinin, washegari sai gida. To ni dai tun ina sakandare akwai wata kalanda a shagon telanmu mai hoton dogayen benayen nan guda biyu na Petronas masu gada a tsakani, kullum in na kai ɗinki sai na tsaya kallonta, yanzu kuma ga shi Allah ya kawo sanadi.

Tambayata ita ce, tunda an ce ofis ne na kamfanin mai, ana barin baƙo ya shiga haka nan ko sai da takarda? In ana hawa sama, ya cancanci kuɗin ko ɓarnar guzuri ce? Sai maganar abinci da wurin salla, don ni cikina ba ya son baƙon abu, ko Abuja na je tuwo nike nema. Kuma ɗaya daga cikin abokan tahiyar dattijo ne, ogana ne, ya ce shi da babbar riga za shi, ban sani ba ko za ta zame mai matsala.

Ɗan Tudun Wada Gusau:

Wa alaikumus salam Malam Bakabe, Allah shi kai ku lahiya. Shekara huɗu na yi a can ina karatu, wurin nan kuwa na je shi ya fi a ƙirga don duk baƙon da ya zo daga gida can yake cewa a kai shi.

Abu na farko da za ka gyara shi ne maganar Litinin ɗin nan. Duk zamana a can ranar Litinin ba a hawa da baƙi, ita ce ranar hutunsu, saboda haka kafin ka ɗaura niyya ka shiga shafinsu na intanet ka duba ranar da ku ke so, in ba ta buɗe ka nemi wata yamma bayan an tashi taro, suna kaiwa dare. Kuma tikiti ka saye shi tun kana gida ko da kwana uku kafin nan, lokaci a ke ba mutum kamar jirgi, in an ce ƙarfe shida to ƙarfe shida ne. Ni zuwana na farko haka na kwashi wani ƙanen babanmu tun da sassafe munka yi ta sauri, muna isa aka ce na ranar sun ƙare, bawan Allah har yau in mun haɗu wurin biki sai ya tuna mani.

Maganar ofis kuwa, wurin kashi biyu ne. Benayen kansu ofisoshi ne, na ɗaya Petronas ne ke ciki, na biyu an ba wasu kamfanoni haya, nan ba ka wuce masu gadi sai da katin aiki. Amma a gindinsu akwai ƙatuwar kasuwar zamani, Suria KLCC, hawa shida, wannan kowa shiga yake ba ko kwabo, kuma ta ƙasanta ne a ke bi da masu tikiti. Za a bincike jakarka, a haɗa ku rukuni, a fara kai ku gadar da ke hawa na 41, ku yi 'yan mintuna, sannan a ƙara sama zuwa hawa na 86. Benen duka hawa 88 ne. Kunnenka zai toshe a lif, ka riƙa haɗiyar miyau.

Zuwa wurin ma ba wuya, jirgin ƙasa na cikin gari layin Kelana Jaya yana da tasha mai suna KLCC, kana fitowa ta ƙarƙashin ƙasa kai tsaye cikin kasuwar za ka ɓulla. In da dattijo ne kuma ku kira motar haya ta manhajar Grab a waya ku huta. Babbar riga ba ta da wata matsala, garin cike yake da Larabawa da 'yan Indiya kowa da shigarsa, illa dai shi shirya ɗaukar hoto da mutanen da bai sani ba, kuma shi tattare ta a kan matakalar nan mai tahiya da kanta kar bakin rigar ya shige.

Alhaji na Jega:

Malam ka ji ta bakin ɗan kasuwa. Kada ka hau. Ni sau ukku ina zuwa garin nan sarin kaya, sau ɗaya na hau kuma shi na na ƙarshe. Kai da kac ce tun kana yaro hoton benen kaka kallo, to in ka shige cikinai mi za ka gani? Ba ka ganin shi, sai rufin gidajen mutane da motoci ƙanana awa tururuwa, abin da ka riga ka gani ta tagar jirgi kyauta. Ranar da munka hau ma hadari ya taso, garin ga kusan kullum da la'asar sai an yi ruwa, munka tsaya muna kallon hazo ta gilashi, an ci kuɗinmu an sallame mu.

Abin da za ka yi, ka bari sai dab da magariba ka fita ta bayan kasuwar inda lambun yake, ka samu dakali bakin tabkin ka zauna. Ana kunna wuta benen ya koma fari ƙal awa an zuba mai azurfa, ga ruwa na tashi sama da fitilu kala kala, wallahi nan ne kallo yake kuma ba ka biyan sisi. Kuɗin tikitin ka sayo ma uwargida turare. Amma ba a Suria ba, nan wurin kallo ne ba wurin saye ba, agogo guda na tambaya da na buga lissahi da naira sai da na nemi wurin zama. Tsaraba ka tahi wajen Masjid India ko Chow Kit, can a ka ciniki.

Kuma akwai samari masu tsayawa gaban benen da waya suna cewa su ɗauke ka hoto duka benen ya fito, sun iya aikin ba laihi, amma ku yi tsada tukuna kahin ka tsaya.

Injiniya Yawuri:

Alhaji ka ba ni dariya da maganar agogo. Na yarda da kai rabi, kallon waje ya fi, amma bari in faɗa wa Malam abin da zai sa ido a kai don kada ya je ya dawo da hoto kawai.

Malam in ka ɗaga kai ka lura benen ba zagayayye ba ne kuma ba mai kusurwa huɗu ba ne, gefensa shiga da fita yake. Ka san alamar nan da ke gefen shafin Alƙur'ani bugun Madina inda a ke nuna rubu'in izu, murabba'i biyu an ɗora ɗaya kan ɗaya an karkata ya ba da tauraro mai tsini takwas? To ita ce tsarin kowane hawa, sai aka cike lungunan da 'yan baka don ofis ya samu fili. Wanda ya zana shi ba Musulmi ba ne ma, Cesar Pelli sunansa, haifaffen Ajantina da ya yi zamansa a Amurka, amma gwamnatin Mahathir Mohamad ta so gini da zai nuna ƙasar Musulmi ce, shi ya sa yana hawa yana tsukewa kamar hasumiya. Ni abin ya tuna mani da yadda maginanmu na da ke yi wa soro zanko da zane a fuska, kana hango gida ka san na wane ne.

Tsawonsa kusan mita 452 ne har da tsinin sama, kuma a kan tsinin nan aka yi ta gardama, don benen Sears na Chicago mita 442 ne amma hawansa na ƙarshe ya fi na wannan nisa da ƙasa, sai masu ƙidaya suka ce tsini cikin gini yake. Da haka ya riƙe kambun duniya daga 1998 har 2004 da benen Taipei 101 na Taiwan ya karɓe. Yanzu a cikin garin ma an fi shi, akwai Merdeka 118 mai mita kusan 679, za ka hango shi daga saman. Amma a tagwayen bene har yau babu wanda ya kai shi.

Filin da can wurin sukuwar dawaki ne. Da aka zo haƙa sai aka tarar ƙasan dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, dole aka matsar da ginin gefe aka kafa turaku na kankare, wasu sun nutse fiye da mita 100. Kuma yawancinsa kankare ne mai ƙarfi ba ƙarfe ba kamar na Amurka. Aikin ma raba shi aka yi, bene ɗaya kamfanin Japan ya jagoranta ɗaya kuma na Koriya, Samsung na ciki, suka yi ta tsere.

Dalilin da ya sa ni zan ce ka hau ko sau ɗaya shi ne gadar. Tana sama da ƙasa kimanin mita 170, kuma ba a ɗaure ta tamau da benayen ba, an bar mata wurin zamewa don in iska ta kaɗa kowane bene da nasa motsin, da an ɗaure ta da ta tsage. Ƙafafu biyu ne suka tokare ta daga ƙasa kamar gwafa. Ba don ado kaɗai aka yi ta ba, in gobara ta tashi a ɗaya ana iya tsallaka da mutane zuwa ɗayan. Kana tsaye a kanta bene na dama bene na hagu sun sa ka tsakiya, wannan Alhaji ba a ganinsa ta tagar jirgi.

Maman Husna Ƙaura:

Duk kun tsaya gini kun bar bawan Allah da yunwa. Yayana ni na zauna can wata takwas lokacin maigidan na karatu, abinci kada ka damu, shinkafa ce safe da rana da dare, kai da ka fito Kebbi ai gida ka je. Duk inda ka ga an rubuta nasi to shinkafa a ke nufi, ayam kaza, ikan kihi. A cikin Suria akwai zauren abinci a sama mai rumfuna da yawa, ka zagaya ka nuna da yatsa a zuba maka ka samu tebur, ya fi gidajen abincin da ke kallon tabki sauƙi nesa ba kusa ba. Ka duba tambarin halal a jikin rumfa, hukumar addini ta ƙasar ke ba da shi kuma ba su wasa da shi, amma ka duba ɗin don akwai gidajen da ke sayar da giya da naman da ba namu ba.

Tunda cikinka ba ya son baƙon abu ka fara da nasi ayam, shinkafa da kaza ce kawai da ɗan romo. Nasi lemak da madarar kwakwa a ke dafa ta, a sa gyaɗa da ƙwai da wani yaji mai zaƙi-zaƙi da 'yan mitsi-mitsin kihi soyayyu, maigidan ya ce in ɗan Argungu ya ga abin da su ke kira kihi sai ya yi kuka. Ni zaƙin nan da su ke sa ma yaji ne ban taɓa sabawa da shi ba, don haka ka ƙulla yajinka na gida da ɗan ƙuli a jaka. Roti canai da shayinsu teh tarik kuwa ko dattijon zai so, kamar fanke ne mai laushi, sai dai ka ce a rage sukari.

Salla akwai ɗakin salla cikin kasuwar, surau su ke ce mai, maza daban mata daban da wurin alwala, ka bi alama. In kana son jam'i sosai ka ratsa lambun da ƙafa akwai babban masallaci, As-Syakirin, ma'aikatan benen can su ke Juma'a. Shafi'iyya ne, za ka ji liman na bayyana bisimilla, kuma ba wanda zai kalle ka don ka saki hannu. Lokaci ne zai ruɗe ka, sun riga mu da awa bakwai kuma magariba sai wajen ƙarfe bakwai, kwanan farko ni har na tada salla ashe rana ba ta faɗi ba, hadari ne.

Ka ɗauki 'yar rigar sanyi, waje zafi da gumi ciki kuma na'urar sanyi kamar hunturun Gusau.

Bakabe01:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri, Hajiya yaji kam an riga an sa a daka. Na duba shafin kamar yadda ɗan'uwa na Gusau ya ce, mun samu na ranar Asabar ƙarfe shida na yamma, in mun sauko sai mu yi magariba mu zauna bakin tabkin na Alhaji, kowa an bi shawararsa ke nan. Biyu na saya. Na nuna ma oga bayanin Injiniya, yana kaiwa inda aka ce gadar ba a ɗaure take ba ya miƙo mani wayata ya ce shi zai jira mu wurin masu shayi.

Alhaji na Jega:

Dattijo ya san abin da ya kai. Ka gaishe min da shi, ka ce mai shayin da ke hawa na sama ya fi kauri.