Wane launi za mu sa wa alamomin asibiti?

Sakataren asibiti, Gombe:
Assalamu alaikum. Za mu sake fentin asibitinmu, gado 40 ne. Masu jinya kullum suna ɓata tsakanin wurin yankar kati, ɗakin gwajin jini da wurin karɓar magani. Ta ina za mu fara?

Mai zanen gini:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a sayi fenti, ka bi hanyar majinyaci da ƙafa tun daga ƙofar shiga, duk inda mutum zai tsaya yana waige-waige, nan ne wurin allo da kibiya. Launi kada ya wuce huɗu ko biyar, in ya yi yawa ba wanda zai riƙe. Ja na kayan kashe gobara ne, kore na ƙofar fita lokacin haɗari, kada a raba su ga sassa, balle ma akwai mazan da ba sa bambance su. Ka ɗauki shuɗi, rawaya, ruwan goro da shunayya, kuma launin da ke kan kibiya shi ne zai kasance a ƙofar sashen.

Mai rubutun allo, Bauchi:
Harafi mai tsayin inci 1 yana karantuwa sosai daga ƙafa 10, don haka baranda mai ƙafa 40 tana son inci 4. Fari a kan shuɗi mai duhu, baƙi a kan rawaya. Fari a kan rawaya kuwa ɓarnar kuɗi ce. Allon rataye ya haura ƙafa 7 daga ƙasa, na bango daidai ido. Fenti mai sheƙi yana kashe ido. Leda da ake bugawa ta fi arha, amma rana tana cinye launinta, ja ne ma ke fara koɗewa. A waje, gara farantin alminiyom.

Nas mai ritaya:
Ɗana, ku rubuta abin da mutane ke faɗa: ɗakin awo, ɗakin haihuwa, ɗakin hoto. Tsohuwar da ta zo daga Dukku ko Kaltungo wataƙila ba ta karanta boko, amma in aka ce mata "Inna, bi shuɗin layi zuwa lamba 3", za ta kai. Ku haɗa launi da lamba da hoto, a ƙara ajami in da wuri. Layin kuma a ja shi a bango daidai ƙugu. Na ƙasa, takalmi da guga suna goge shi, ranar awo kuwa mata ne zaune a kansa.