Me ya sa alfa ke ba da haske kaɗan a TLD-100?

Mai_Awo: Assalamu alaikum malamai. An haska ƙwayoyin TLD-100 (ƙananan kiristal na litiyam fulorayid, wato LiF, da ake auna radiyeshan da su ta hasken da suke fitarwa in an dumama su) da radiyeshan iri uku: gama ta Co-60 (kobalt), da bita ta Sr-90 (sitirontiyam), da alfa ta Am-241 (amerisiyam), kowanne Gy 1 (Gy ma'aunin radiyeshan da abu ya sha ne) a lissafi. Da aka dumama su, gama da bita sun yi kusan daidai, alfa kuwa haskenta ƙalilan ne, kuma zanen da ke nuna haske bisa zafi ya yi tudu sama da digiri 250 na Salsiyos. Na'urar karatu ce ta lalace ko yaya?

Fizis_Dosi: Wa alaikumus salam. Na'urarka lafiya lau. Gama da bita duk ilekturon suke saki, masu bazuwa cikin kiristal su cika tarkunan da magnesiyam ɗin cikinsa ya samar, dumamawa kuma ta sako su su ba da haske. Alfa mai ƙarfin MeV 5.5 (MeV ma'aunin ƙarfin radiyeshan ne) ba ta shiga LiF fiye da kimanin maikuromita 20, wato milimita 0.02, alhali kaurin ƙwayar milimita 0.9 ne. Ka fara duba lissafinka: da nauyin ƙwayar gaba ɗaya ka raba, ko da na fatar da alfar ta taɓa? Ko lissafin ya yi daidai ma, haske zai ragu sosai, domin alfa tana zube ƙarfinta a siririyar hanya, tarkunan wurin su cika maƙil, ragowar ya tafi a banza. Tuddan zanen lamba ake ba su, waɗanda ka gani su ne na 6 da na 7, suna tashi da irin wannan cunkoso. Raba tsayinsu da na tudu na 5, mai fitowa wajen digiri 200, za ka gane irin radiyeshan ɗin.

Malama_Kiristal: Ƙari kan bayanin Malam. Co-60 na buƙatar roba mai kaurin kusan milimita 5 a gaban ƙwayar, in ba haka ba karatun zai gaza. Am-241 kuma yana fitar da gama mai ƙarfin keV 59.5 (keV dubu ne MeV ɗaya), wadda ke ratsa ƙwayar duka. Rufe wata ƙwaya da takardar alminiyam mai tare alfa, ka cire abin da ta karanta daga karatun wadda ba a rufe ba.

Gasawa ma, wadda ake yi wa ƙwaya don share tsohon karatu kafin a sake amfani da ita, a kula. TLD-100 digiri 400 na awa ɗaya, sannan 100 na awa biyu. Kada a yi wa LiF:Mg,Cu,P (wani nau'in ƙwayar ne mai magnesiyam, tagulla da fosforas) haka, 240 na minti 10 ne iyakarsa, ya wuce nan ƙarfinsa ya ragu ke nan har abada.

Mai_Awo: Na gode ƙwarai. To nutiron fa?

Fizis_Dosi: Nan sai a haɗa biyu, TLD-600 mai yawan Li-6 da TLD-700 mai kusan zallar Li-7 (nau'ukan litiyam biyu ke nan). Li-6 ke kama nutiron mai sanyi, wato mai tafiya a hankali, ya fashe zuwa alfa da tiritiyam a cikin kiristal, shi kuwa TLD-700 kusan gama kawai yake gani. Cire na biyu daga na farko, amma ka tabbatar an daidaita su da tushen gama ɗaya tukuna.