Muhawara: Shin Elnathan John ya san Sakkwaton da ya rubuta?

Na Runjin Sambo: Jama'a, ni dai maganata ɗaya ce. Wanda aka haifa a Kaduna a 1982, ya yi karatun lauya a Zariya, yanzu yana zaune a Jamus, ba shi ne zai gaya mana yadda almajiri ke kwana a Sakkwato ba. Littafinsa Born on a Tuesday don Turawa aka rubuta shi.

'Yar Mabera: Yaya, ka karanta shi kuwa, ko labari ka ji?

Na Runjin Sambo: Na kai rabi.

'Yar Mabera: To rabin da ka bari shi ne littafin! Ɗantala, almajirin da ke ba da labarin, ya gudo daga Bayan Layi bayan rikicin zaɓe, ya faɗo masallacin tashar mota wurin Shehi Jamal. Ka tuna littafinsa na rubutu, inda yake tara kalmomin Turancin da abokinsa Jibril ke koya masa, kowace kalma da labarinta? Ƙanena haka yake yi da bayan kwalin sabulu. Wallahi da na kai wurin nan sai da na ajiye littafin.

Malam na Arkilla: 'Yata, kin faɗi gaskiya, amma shi ma ɗan'uwanki ba banza ya yi magana ba. Garin da ke cikin littafin wa'azi ne da rigima tsakanin ƙungiyoyin addini. Ina kasuwar Kara? Ina Hubbare? Ina zafin watan azumi da mutane ke kwana a waje? Sakkwato ta zama fagen wasa kawai.

'Yar Mabera: Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, ai yaro mai yunwa ba ya yawon buɗe ido. Abin da idonsa ya gani shi ya faɗa.

Na Runjin Sambo: Ai a 2016 ma Elnathan bai ci kyautar adabin Najeriya ta kamfanin gas na NLNG ba. Abubakar Adam Ibrahim ne ya ɗauke dala 100,000 ɗin.

Malam na Arkilla: Wannan ba hujja ba ce, ɗana. Ya kai zagayen ƙarshe, kuma labarinsa "Bayan Layi" ya shiga jerin ƙarshe na gasar Caine ta gajerun labaran Afirka tun 2013. Ni abin da ke damuna daban ne: mu da muke cewa bai san mu ba, wa ya hana mu rubutawa? Ko fassara shi zuwa Hausa mu ga yadda almajiran kansu za su ce.

Na Runjin Sambo: Ƙanwata, aro min naki. Nawa wani ya tafi da shi Gusau bai dawo da shi ba.