Saba ta cika, ina son ƙara girman RAID ba tare da na kashe ta ba

Abba_KofarKaura:

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin saba ku taimaka man da shawara. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta mai zaman kanta nan cikin garin Katsina, muna da saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayananmu, Dell PowerEdge R730 mai kwantirola (katin da ke sarrafa diskin) PERC H730, diski huɗu masu tera 2 kowanne a RAID 5 (RAID tsari ne na haɗa diski da yawa su yi aiki kamar guda), kenan tera 6 muke mora. Ubuntu ce a kai da LVM (tsarin haɗa filin diski cikin rukuni a rarraba shi) da tsarin fayil ext4. Sakamakon ɗalibai, takardun kuɗin makaranta, jarabawar CBT da bidiyon darussa duk nan suke, yanzu ta kusa cika maƙil.

Oga ya sayo diski huɗu masu tera 8 daga Legas. Abin da nike tunani shi ne in zare tsoho ɗaya in sa sabo in jira ya gama sake gini, wato kwantirola ya maido data kan sabon, in zare na biyu, haka har huɗun, sannan in faɗaɗa. Oga kau ya ce kada a kashe ta ko na awa guda don an kusa fara jarabawa. Halan akwai haɗari a wannan hanya? Kuma mi zan yi Ubuntu ta ga sabon filin?

Shamsu_Network:

Wa alaikumus salam. Yi kawai ɗan uwa, ai don haka aka yi hot swap, wato canza diski saba tana kunne. Na yi ma wasu haka lafiya lau. Da daddare za ka riƙa yi in ba kowa a kai, ka tabbatar fitilar ta koma kore kafin ka taɓa na gaba, shi kenan.

Injiniya_Lawal:

Malam Shamsu ka yi haƙuri, hanyar tana aiki amma ni ba zan ba yaron nan wannan shawara ba.

Abba ka duba nan. RAID 5 diski ɗaya tak yake iya jure rashinsa. Duk sadda ka zare ɗaya da hannunka ka cinye wannan damar, kuma kafin sabon ya ginu dole kwantirola ya karance sauran ukun tun daga farko har ƙarshe, tera 6 kenan, alhali ana ta aiki a kansu. Sau huɗu za ka yi haka, kuma a zagayen farko duka ukun da ake dogaro da su tsofaffi ne da wataƙila rana ɗaya aka sa su, sun sha zafin Afirilu iri ɗaya sun sha ɗaukewar wuta iri ɗaya. In ɗaya ya ci karo da gurbin da ba ya karantuwa ana tsaka da gini, ko dai ginin ya tsaya ko ka rasa wani yanki na data, in kau ya mutu gaba ɗaya to an gama. Masu ƙera diski da kansu suna rubutawa a takardar bayani cewa na gida zai iya kasa karanta bit 1 cikin 10^14, wajen tera 12 da rabi kenan, na saba kuma yawanci 1 cikin 10^15. Ba wai dole ya faru ba ne, amma mi ya kai ka caca da sakamakon 'ya'yan mutane.

Ga tambaya: R730 ɗinka mai ramuka takwas ce? In haka ne kana da huɗu a buɗe, to ba ka da buƙatar zare komi. Nemo kadi huɗu, wato tiren nan da ake ɗaura diski a kai, ka zura sababbin, ka shiga iDRAC, wato shafin sarrafa sabar Dell, ka haɗa su sabon RAID daban. Ubuntu za ta gan shi kamar diski guda. Sai umarnin LVM: pvcreate a kansa, vgextend ka shigar da shi rukunin LVM da kake da shi, sannan pvmove ya kwashe data daga tsohon zuwa sabon saba tana kunne mutane na aiki, sai dai za ta ɗan yi nauyi. In ya gama ka yi vgreduce ka fidda tsohon, lvextend, sannan resize2fs don Ubuntu ta ga sabon filin, ext4 tana ƙaruwa ko tana kan aiki. Wajen boot ka bar shi kan tsofaffin tukuna har hutu, wannan shi ke son a kashe.

Kuma kada ka maimaita RAID 5 da diski masu tera 8, ginin su yana daɗewa ƙwarai, yana iya cin yini ko fiye in ana aiki a kai. RAID 6 ko RAID 10. Da diski huɗu duk biyun tera 16 za su ba ka, a allo za ka ga wajen 14 da rabi kada ka tsorata, bambancin lissafi ne. RAID 6 ko waɗanne biyu suka mutu kana nan, RAID 10 ya fi sauri wajen rubutu da sake gini amma in biyun da suka mutu 'yan madubi ɗaya ne ka rasa duka. Don irin aikinku ni 6 zan zaɓa. Na san oga zai ce ina tera 32 ɗin da ya biya, ka zaunar da shi ka yi mashi bayani.

Maman_Hanif_IT:

Injiniya ya gama magana, amma ban ga wanda ya tambaye ka bakof ba. RAID ba bakof ba ne Abba, bakof shi ne kwafin data da aka ajiye wani waje daban. In wani ya goge fayil ko ƙwayar ransomware mai kulle fayil don a biya fansa ta shiga, nan take duk diskin za su ɗauka tare. Kafin ka buga ko pvcreate ka kwafe komi waje, kuma ka gwada maido da fayil ko biyu ka buɗe su da idonka, don bakof ɗin da ba a taɓa gwadawa ba kamar safayar taya ce da ba ka duba iskarta ba sai ka yi faci tsakanin Kankiya da Tsanyawa.

Sai maganar wuta, don nan ne akasarin sabobin garin nan ke mutuwa. Na shiga ofis na tarar saba mai fawa saflai biyu an soka duka biyun a soket ɗin ekstenshan guda, to ina amfanin biyun? Ɗaya a UPS, ɗaya a layin inbata daban. Ka duba lafiyar batirin kwantirola a iDRAC, shi ke riƙe abin da ke cikin kash, wato datan da ba a kai ga rubutawa kan diski ba, in wuta ta yanke. Ka kuma hure ƙurar hunturu daga fankoki kafin ka ɗora mata aiki mai nauyi irin wannan.

Sababbin diskin ma ka duba lambarsu, salon rubutun diski iri biyu ne, in SMR ne ba su dace da RAID ba, CMR ake so. Ka sa masu smartctl, manhajar duba lafiyar diski, ka ga awowin da suka yi, ana sayar da na hannu a kwali kamar sabo.

Abba_KofarKaura:

Allah ya saka da alheri Injiniya, Hajiya na gode ƙwarai. Na duba, ramuka takwas ne, huɗu a rufe da murfin roba. Sababbin diskin irin mahaɗin SATA ne su kuma tsofaffin SAS, wannan zai hana? Kuma in aka ɗauke wuta UPS ya ƙare ana tsaka da pvmove fa?

Injiniya_Lawal:

Ba zai hana ba tunda RAID ɗinsu daban, cikin RAID guda ne PERC ba ya yarda a gauraya SAS da SATA. Shi kau pvmove yana ajiye inda ya tsaya, in saba ta tashi ka buga pvmove kawai ba tare da ka ƙara komi ba zai ci gaba. Duk da haka ka sa a zuba ma janareta mai, ka fara ranar Juma'a bayan an tashi. Tsofaffin huɗun kada ka goge su sai an gama jarabawa.