Hoton kakanmu a Matan Fada ya fito da rodi-rodi, ina na kuskure?

Ɗan Kabi:
Salamu alaikum masu sana'a. Baffana ya kawo mini hoton kakanmu guda ɗaya tilo, baƙi da fari, inci 3.5 da 5, yana tsaye bakin kogin Matan Fada a Argungu da homa a kafaɗa. Yana so in faɗaɗa shi zuwa A3 a rataye a zaure. Na yi sikanin a 300, wato fiksil (ƙananan ɗigon hoto) 300 a kowane inci, na ajiye JPEG, na ƙara masa duhu da haske, na buga. Fuskar ta dushe, sararin sama kuma ya rarrabu mataki-mataki kamar kunyar gona. Takarda uku na ɓata, kuma raina bai so in kai wa baffa wannan.

Mai Hoto Jega:
Wa alaikumus salam ƙanena. 300 ɗinka ya dace da ƙaramin hoton ne kawai. Tsawon A3 inci 16.5 ne, ka ja shi ya ninka sau uku da ɗoriya, sai kowane inci ya tashi da fiksil kusan 90. Fuska ta dushe dole. Maimaita sikanin a 1200, za ka samu kusan 360 a kan takarda, adadin da firintar Epson ke aiki da shi. In Canon ce, 300 a kan takarda ya isa.

Hajiya ta Gusau:
Matakan saman kuwa maganar bit ce. JPEG bit 8 yake ɗauka, wato launin toka kala 256 tsakanin baƙi da fari. Tsohon hoto ya koɗe, ƙila rabinsu kaɗai ya cika. Da ka ja duhun, sai giɓi ya buɗe, a sama kuma ido ke fara ganinsa don babu abin da zai ɓoye shi. Zaɓi bit 16 tun wurin sikanin, kala 65,536 ke nan, ajiye TIFF, tsarin fayil da ke iya ɗaukar bit 16, ka yi duk gyaranka a haka. Mayar da wancan JPEG ɗin zuwa bit 16 ba zai dawo da abin da ya zube ba. Kuma don Allah kada ka share ƙurajen fuskar dattijon, ni na fi son in ga tsufan hoto.

Mai Hoto Jega:
Ƙari kan na Hajiya: in layukan miƙaƙƙu ne daga gefe zuwa gefe, ƙurar hunturu ce ta toshe bakin tawada, buga gwajin kan firinta tukuna.

Ɗan Kabi:
Lanƙwasassu ne, Yaya, suna bin gajimare. Hoton yana wurin baffa a Argungu, ranar Asabar zan karɓo in sake.